Fita Shan Iska da Iyali a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Yadda Za a Je a Dawo Lafiya

Yaron da aka haifa a shekarar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a Disambar 2020, yau ya isa shiga firamare. Shi da tsararrakinsa na Faskari da Sabuwa sun buɗi ido ne a zamanin "kada ka yi nisa" da "shigo gida, yamma ta yi". A cikinsu akwai 'ya'yan manoma gaba da baya waɗanda ba su taɓa taka gonar mahaifinsu ba. Dawa da gero a buhu suka san su, auduga kuwa sai a kan mota.

Ba mai ganin laifin iyaye. Wanda ya ga abin da aka gani a wannan yanki dole ya riƙe ɗansa kusa. Sai dai kullen ma yana da tasa illar: yaro ya tashi da ƙunci da firgita, ba abin da ya sani sai wayar babansa da lungun gidansu. Shawarata ita ce kada a daina fita da yara, a dai sauya mata tsari. A rage nisa, a zaɓi lokaci, a yawaita tambaya, kuma a yarda tun daga gida cewa fasa tafiya ba abin kunya ba ne.

Tambaya kafin ɗaura niyya

Labarin hanya a ƙasarmu ba ya kwana biyu. Hanyar da aka bi jiya lafiya tana iya rikicewa yau da safe. Mutanen yankin nan ba su manta ba, a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da ukun nan namu. An buɗe daga baya, an kuma yi zaman sulhu a wurare daban-daban, amma sulhu bai ɗauke wa maigida nauyin bincike ba.

Mutum uku ya kamata a tuntuɓa. Na farko direban tasha da ke bin hanyar kullum, don shi ya san inda aka tare jiya da inda motoci suka daina bi. Na biyu mai unguwa ko dagacin wurin da za a je. Na uku jami'an tsaron da ke wurin, ko 'yan sanda ne ko rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. A yi tambaya da dare, a sake yi da safe kafin a fito. In mutum ɗaya cikin ukun ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, a zauna gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambaya daban, talla daban. Kowa ya san ɓarnar da infoma ke yi, don haka kada a zauna a majalisa ko wurin mai shayi ana faɗin rana da wurin da za a kai iyali. A gaya wa mutum ɗaya amintacce a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Uwargida da 'yan mata su haƙura da sa hoto a WhatsApp ko Facebook sai an dawo an huta. Gwal da leshi mai tsada su jira ranar biki.

Ina za a je?

A fara da inda ba za a je ba. Gandun dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, wurin shaƙatawa ne na gwamnati da ke kusa da Sabuwa, amma shekara da shekaru ke nan ɓarayin daji sun mayar da yankin mafaka. Haka dajin Rugu da duk dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara. Ko wani ya rantse ya ce an samu sauƙi, ba wurin kai yaro ba ne. Gonar da ke bakin daji ita ma ta shiga wannan lissafi, ko da ta gado ce.

Wurin da ya fi dacewa shi ne gona ko lambun da ke bayan gari, inda ana iya jin kiran salla daga masallacin unguwa, akwai mutane na aiki dama da hagu, kuma ƙaramin yaro zai iya takowa gida da ƙafarsa. Wanda gonarsa ta yi nisa ya roƙi ɗan'uwa ko aboki mai lambu kusa. Da wuya manomi ya hana yara zama a gindin mangwaronsa in an nemi izini da ladabi. Filin makaranta a ranar hutu, bakin fadama inda masu noman rani suke, ko gindin wata tsohuwar kuka a gefen gari, duk sun isa a shimfiɗa tabarma.

Sama da wannan sai garuruwan da ke kusa, kamar Funtuwa da Malumfashi da Bakori, inda kusan kowa ke da dangi. Sai kuma tafiyar birni, wadda za mu zo kanta.

Lokaci

Kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ita ce lokacin da gona ta fi daɗin zuwa: ruwa ya ɗauke, amfani ya nuna, zafi ya ragu. Sai dai lokacin ne kuma idon ɓarayi ke kan gonaki saboda amfanin da ake kwashewa, don haka kaka ba dalilin yin nisa ba ce. Da hunturu lambunan rani sun yi kore, ga tumatur da albasa da latas, amma a sa wa yara rigar sanyi, a shafa musu man kaɗanya, mai asma kuma a kiyaye shi daga ƙura. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin zafi ne da sanƙarau. In za a fita, a fita da sassafe a dawo kafin rana ta take. Da damina dawa da masara sun yi tsawo, mutum ba ya hango abin da ke gabansa, rafi kuma yana cikowa ba sallama ko da ba a yi ruwa a garinku ba. In hadari ya haɗo a tattara a tafi. Kada a fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, don irinsa tsawa ta fi faɗa wa.

Game da sa'a kuwa, a bari rana ta fito, manoma su riga ku zuwa gona, motocin farko su wuce a ji labarin hanya. A yi azahar a can in an so, amma la'asar ta same ku a gida. A guji komowa da yamma ranar kasuwa, musamman kan hanyoyin manyan kasuwanni irin su Sheme da Ɗandume, lokacin da kowa ya san motoci na ɗauke da 'yan kasuwa da kuɗinsu.

Abin da za a yi in an isa gona

Kuskuren da ake yi shi ne a kai yara gona a zaunar da su kan tabarma a ce kada kowa ya motsa. In haka ne gara a bar su gida. A ba kowane yaro aiki daidai ƙarfinsa. Ƙarami ya tsinci gyaɗar da ta rage a ƙasa bayan an cire, na tsakiya ya ɓare masara, babba a ba shi fartanya ya gwada kunya ɗaya. A nuna musu yadda ake ɗaure dami, yadda ake sussuka da shiƙa, da dalilin da ya sa ake ɗora rumbu kan duwatsu. A tsinko auduga guda a sa yaro ya cire gurya da hannunsa, sannan a gaya masa cewa wannan farin abu shi ya ɗaga sunan Funtuwa da Daudawa tun zamanin Turawa, shi ya kawo injinan gurza da masaƙa.

A tafi da kaka ko wani dattijo in da hali. Shi zai nuna musu ɗorawa da kaɗanya da kanya da ɗinya da tsamiya da aduwa, ya faɗi amfanin kowace da lokacin da take 'ya'ya. A mayar da abin gasa: wanda ya fi kawo sunan itatuwa shi ke da masarar farko da ta gasu. A kafa doka guda mai ƙarfi, ba yaron da zai kai wani ɗan itace ko ganye ko saiwa baki sai ya nuna wa babba. Ɗanyen rogo mai ɗaci da 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu duk guba ne.

In an gaji da aiki sai wasa. Langa da ɓuya ga maza, carafke da gaɗa ga mata, dara ga manya, kacici-kacici ga kowa. A hura 'yar wuta a gasa masara ko tumu ko dankali. Kafin a tashi a kashe ta da ruwa, a rufe da ƙasa, a taɓa a ji ta huce. Da kaka da hunturu garwashi ɗaya ya isa ya cinye wa mutum noman shekara. A kwashe ledoji a koma da su gida, domin akuya ko saniyar da ta haɗiye leda ba ta ƙara yin ƙiba, wani lokaci ma ta mutu. Kada a tsinki ko kuɓewa ɗaya a gonar maƙwabci ba da izini ba. Yara suna kallo, kuma abin da suka ga an yi shi za su ɗauka.

Ruwa: a kalla daga tudu

Yaro da ruwa sai Allah. Muna da madatsun ruwa masu kyan gani, kamar Mairuwa da Gwaigwaye a yankin Funtuwa, da Zobe ta Dutsin-Ma wadda aka kammala a 1983. Zuwa kowace daga cikinsu sai an yi binciken da muka ambata. In an je, a tsaya kan tudu a kalli masunta da tsuntsaye, a sayi kifi, amma ba wanka.

Dalili na farko nutsewa. Gefen madatsa da kududdufi yana da santsi da zurfin da ba a gani, yaro kuma yana nutsewa ne shiru, ba ihu. A ƙasar Ƙanƙara akwai ƙarin haɗari na ramukan haƙar farar ƙasa da ke cika da ruwan sama. Dalili na biyu tsargiya. Tun shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Liverpool ta Ingila suka yi dogon nazari kan wannan ciwo a ƙasar Malumfashi, suka tarar yara maza masu wanka a tafki su suka fi kamuwa. Mai ciwon yakan yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, tsoma ƙafa ma ya isa. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Ciwo ne, yana da magani a asibiti, kuma in aka bar shi yana lalata mafitsara da ƙoda.

Kwale-kwale kuma a yi hattara. A Nuwambar 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum fiye da ashirin suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya. A Mayun 2022, cikin bikin Salla, wani ya kife a ƙasar Mai'aduwa, yara da yawa suka tafi. Jirgin da aka cika maƙil, ko wanda ba rigar kariya, kada ɗanku ya shiga ko kyauta ne.

Maciji, kunama da maganin feshi

Kowane yaro ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. Kada a zura hannu a rami, ko a ɗaga dutse, ko a zauna kan tarin kara da dami, don nan kububuwa da kasa da kunama ke fakewa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a ɗaure wurin tamau da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa. In gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti.

A tambayi mai gona yaushe ya yi feshi. Gonar da aka fesa wa maganin ciyawa ko na ƙwari kwanan nan ba wurin wasa ba ce, kuma robar maganin da ta ƙare ba ta zama gorar ruwa komai wankin da aka yi mata.

Guzuri

Ruwan sha shi ne kan gaba, a ɗebo daga gida cikin jarka mai tsabta, ya fi abin da ake zaton za a sha. A haɗa da sabulu da buta, tabarma ta zama da ta salla, hula ko malafa, tocila, wuƙa ƙarama, auduga da filasta, da maganin zazzaɓi. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. In babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri.

A zaɓi abincin da ke jure rana: dambu, gurasa da ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, soyayyen nama ko kilishi, gyaɗa, dabino, lemo da ayaba. Alale da fura da nono da kunun aya suna saurin lalacewa, in an tafi da su a fara da su. Shinkafa da miyar da ta wuni a kula tun asuba ita ce ke mayar da ranar farin ciki daren asibiti. Waya ta cika da caji da kati, a ajiye lambar dagaci da ta direba da lambar gaggawa ta 112, amma kada a dogara da ita kaɗai, don akwai wuraren da ba sabis.

Tafiyar birni

Ko sau ɗaya a shekara, yana da kyau yara su ga abin da suke ji a makaranta, tun da gani ya kori ji. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau mai ɗaruruwan shekaru, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. A Daura akwai rijiyar Kusugu ta labarin Bayajidda. A Kano, wadda mutanen Ƙanƙara kan shiga ta Malumfashi da Gwarzo, akwai gidan namun daji na Audu Baƙo, da Gidan Makama, da Dutsen Dala. Mutanen Sabuwa da Faskari Zariya ta fi musu kusa ta Funtuwa. Can akwai dutsen Kufena da ragowar ganuwa, ga kuma Samaru, inda cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda daga cikinta yawancin ingantaccen irin masara da dawa da audugar da muke shukawa suka fito. Ɗan manomin da ya ga wurin zai san cewa noma ma yana da furofesoshi.

Irin wannan tafiya kada a matsa sai an je an dawo rana ɗaya. Gara a kwana wurin dangi a kamo hanya da hantsi, da a ce dare ya riske ku tsakanin Funtuwa da gida. Kuɗinta a fara tara shi tun kaka, ko a ware kwanon waken suya kaɗan da sunan tafiyar yara, ko gida biyu su yi karo-karo su ɗauki shatar mota daga tasha wurin direban da aka sani. Kada a cusa yara a but, kada a jera huɗu kan babur.

Da Salla gidan namun daji da wuraren wasa sukan cika har ba masaka tsinke. In da hali a bari sai bayan Salla da mako guda. In an shiga taro, a rubuta sunan yaro da lambar wayar babansa a takarda a sa masa a aljihu, a haɗa kowane ƙarami da babba guda, a nuna musu wurin da za a haɗu in an rabu, a kuma ƙirga su duk lokacin da za a tashi daga wuri. Kada yaro ya miƙa hannu cikin keji, ko na biri ne.

Kwanan waje

A wasu ƙasashe iyali kan kafa tanti su kwana a daji. Mai hali a nan yana iya kai iyalinsa Yankari ta jihar Bauchi, inda akwai ɗakunan kwana da ma'aikata da ruwan ɗumi na Wikki. Amma a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a halin da ake ciki, ba a kwana da iyali a gona ko a daji, ko da sunan gadin amfani ne. Abin da yara ke nema a kwanan waje ana samunsa a tsakar gida. Daren da ba sanyi ba hadari, a fitar da tabarmi, a ɗaura gidan sauro, a kashe fitila da waya, a dafa shayi a gasa gyaɗa. Kaka ta yi tatsuniya, baba ya nuna musu Zara da Kaza da 'Ya'yanta a sama, wanda ya farka da asuba ya ga Gamzaki in lokacinsa ne. Ba ko sisin mota.

Wa za a tafi da shi?

Maigida, kada uwargida ta kwana tana suya sannan a bar ta da wanke-wanke. Ita ma tana bukatar shan iska, kuma idonta kan yara ya fi naka. 'Yan mata su je kamar yadda maza za su je. In akwai maraya a maƙwabta, ko ɗan waɗanda rikici ya koro daga ƙauyensu, a nemi izinin mai riƙonsa a haɗa da shi. Yaron da ya taɓa ganin tashin hankali yana iya ƙin fita, ko ya firgita da ƙarar babur. Kada a yi masa dariya ko a tilasta shi. A fara da wuri mafi kusa, a riƙe hannunsa, manya kuma su bar hirar hari da kuɗin fansa a gabansa.

Ba sai an jira ranar da komai zai daidaita ba, domin ƙuruciya ba ta jira. A duba mako mai zuwa, a zaɓi lambu ɗaya a bayan gari, a yi tambaya, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. In labari ya sauya da safe, a juye dambun a faranti a ci a tsakar gida, a sa wata rana. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya tsare mana zuri'a.